Sarewar da Aka Hana Numfashi

Akwai wani mai haɗa kiɗan fim da ake kira Gwani. Ba ya tara makaɗa. A kwamfuta yake jera sautin goge, ƙaho da sarewa da aka riga aka naɗa, har ka rantse mutum sittin ne a ɗakin.

Ƙanwarsa Auta, uwar 'ya'ya uku, ita ma aikinta ke nan, da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Da wani darakta ya saurari gwajin kowannensu, ya ce nata ya fi rai, ta ƙarasa ta kawo. Gwani ya yi murmushi, amma hassada ta cika masa zuciya.

Ranar miƙa aiki ɗanta ya tashi da zazzaɓi. Ta ce, "Yaya, don Allah kai wa darakta, ina nan tafe."

Ya buɗe aikin ya ga 'yan giɓi a layin sarewa. Ya ce, "Ji shirme! Wannan ne ya fi nawa?" Ya toshe su duka, ya goge sunanta, ya sa nasa. Ya gaya wa darakta wai dama shi ya yi, ita kwafa ta yi.

Suna cikin saurare Auta ta iso. Darakta ya yamutsa fuska ya ce, "Wancan gwajin na farko ya sa ni hawaye. Wannan kuwa kamar kukan firiji."

Auta ta ga sunan da ke jiki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ja numfashi ka busa iska tare da sarewar nan, kada ka tsaya sai ta tsaya."

Ya fara. Kafin rabin layi idanunsa sun firfito, ya fashe da tari. Sarewa kuwa tana ta tafiya.

Ta ce, "Giɓin da ka toshe, nan mai busa yake numfashi. Kowane layi sai da na busa shi da bakina kafin na jera shi."

Darakta ya ba ta aikin. Amma a gida mahaifiyarsu ta ce, "Ke Auta, yayanki ne, a bar maganar." Har yau Gwani bai ba ta haƙuri ba.

Ni mai ba ku labarin nan ban yarda a bar maganar ba. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa yafe satar amsa ba sai mai laifi ya amsa laifinsa.

Darasi: Girman yaya ba lasisin cin guminka ba ne. Wanda ya goge sunan wani don hassada, ya mayar da shi da hannunsa, ya nemi gafara a gaban waɗanda ya yi wa ƙarya. Ku tura wa duk mai cewa "a bar maganar".