Waken da Ke Cikin Toka

Akwai wani saurayi da ya samu gurbin karatun noma mai ɗorewa a jami'a. Tun ranar da ya ɗaure jakarsa, ƙannensa suka laƙaba masa Farfesa.

Da ya dawo hutun farko, ya shiga ɗakin ajiya ya tarar da wata tsohuwar tukunya an liƙe bakinta da laka. Ya fasa lakar, sai ga ƙananan wake jajaye cuɗe da toka.

"Baba, wai wannan ƙazantar ce irin shukarku?"

"Na kakanka ne," in ji Baba. "Tokar ce ke hana ƙwaro shiga."

Farfesa ya yi dariya. "Baba, ai duniya ta wuce nan."

Zango ɗaya kacal ya yi a aji, amma ji yake ya gama da ilimi. Ya sayo irin shago na cikin leda mai hoto. Na tukunyar kuwa ya tankaɗe tokar, ya miƙa wa Inna ta dafa. Har ƙari ya yi. Baba ne kawai bai sa hannu a kwanon ba.

Damina biyu a jere ruwa na ɗaukewa da wuri, irin shagon yana bushewa da furensa. Baba bai taɓa yi masa ƙorafi ba.

A shekara ta uku, malamarsu ta shigo aji da kwalbar wake cikin toka. Ta ce irin gida ya san ƙasarsa, ya saba da ƙishirwarta, kuma in ya ɓace babu shagon da ke sayar da shi. Ta umarci kowa ya kawo cikin tafi ɗaya daga gidansu.

Ranar Asabar Farfesa ya hau mota zuwa gida.

"Baba, ko ƙwaya goma ba ta rage ba?"

"Tambayi maƙwabta. Duk daga tukunyar nan suka samu nasu."

Gida bakwai ya shiga. A na ƙarshe, matar gidan ta tafa hannu tana dariya.

"Ai ɗan nan, da muka ji ɗan jami'a ya ce ba shi da amfani, wa zai ja da Farfesa? Mu ma muka dafe namu!"

Ya dawo, ya durƙusa gaban mahaifinsa. Sunan nan da yake jin daɗinsa, yau kamar zagi.

"Baba, me ya sa ba ka hana ni ba?"

Baba ya ce:

"Ni na tura ka ka koyo, ɗana. Na ɗauka ka riga ka koya."

Darasi: Guntun ilimi ya fi jahilci ɓarna, domin shi ana yarda da shi. 'Yan uwana masu sabuwar takarda, kafin ku ce "a zubar", ku tambaya me ya sa aka ajiye. Ku tura wannan labari ga duk ɗalibin da ke shirin komawa gida hutu.