Takalmin da Bai Taɓa Taka Taɓo Ba

Akwai wani mai awon ƙasa, a wurin aiki ana ce masa Injiniya, a gida kuma yayarsa tana kiransa Auta. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ma ya rasu, ya bar mata yara da 'yar gonar shinkafa a bakin fadama. Gonar ba ta da girma, amma ba ta taɓa barinsu da yunwa ba.

Ranar da Auta ya samu aiki, Yaya ta saya masa dogon takalmin roba, irin na shiga ruwa. Ta ce, "Aikinka na ƙasa ne, Auta. Ka riƙa taka ta." Ya yi dariya, ya jefa shi a bayan mota.

Sai ofishinsu ya ba shi babban aiki. Za a buɗe sabbin gonaki a cikin fadamar, ana so a san inda yake tudu da inda yake kwari. In an san tsayin ƙasa, to in ruwa ya shigo an san zurfinsa a kowane wuri. Shinkafa tana son ruwa, amma in ya shanye kanta ta mutu.

Auta ya kawo ƙaramin jirgin nan mara matuƙi. Jirgin ya yi ta shawagi yana ɗaukar hoto, kwamfuta ta haɗa, taswira ta fito gwanin kyau. Tudu ja, kwari shuɗi.

Yana da abokin aiki, karatunsu ɗaya, amma shi kullum wandonsa jiƙe yake da taɓo, har Auta ya sa masa suna Kwaɗo. Kwaɗo ya dubi taswirar ya ce, "Injiniya, ka san jirgi daga sama yake kallo. Inda ciyawa ta yi duhu, saman ciyawar yake ɗauka a matsayin ƙasa. Mu ɗauki sandar awo mu shiga, mu tabbatar."

Auta ya ce, "Kai dai ka yi kewar 'yan uwanka matsattsaku ne. Shiga ka gaishe su, ni na wuce wannan zamanin."

Aka yi dariya a ofis. Kwaɗo ya ce, "Allah ya kyauta." Da yake Auta ne shugaban aikin, maganarsa ta zauna.

'Yan uwa, ba wai bai sani ba ne. Ya sani sarai, an koya masa. Ƙyuya ce da girman kai.

A taswirar akwai wani wuri da ya fito ja sosai, wai ya fi ko'ina tudu. Wurin cike yake da doguwar ciyawar ruwa, wadda ta fi tsayin mutum. Auta ya ce a ransa, nan zan sa Yaya, in saka mata da alheri. Ya bi ta bayan fage ya sa baki, aka tsallake waɗanda suke gabanta, aka ba ta.

Amma akwai sharaɗi. Duk wanda ya karɓi sabuwar gona sai ya saki tsohuwa, a ba wani.

Yaya ta ce, "Auta, gonar baban yaran nan ce fa. Na san halinta, ta san nawa."

Ya ce, "Yaya, wannan ta ninka ta. Ko ruwa ya ci fadamar nan gaba ɗaya, taki ce za ta rage. Ni ne fa na auna."

Ta ce, "To, tunda kai ne."

Ta saki gonar mijinta. Ita da yaranta suka yi ta saran ciyawa da rani, hannuwansu duk suka yi kanta. Da wurin ya buɗe, wata rana ta kira shi ta ce, "Ni dai in na shiga gonar nan ji nake kamar gangarawa nake yi. Ko ƙafata ce ta tsufa?"

Ya gane abin da ya faru, nan take ya gane. Yini ɗaya da sandar awo ya isa ya tabbatar, kuma lokacin ba a yi shuka ba, da sauran gyara. Amma sai ya tuna zai koma ofis ya ce taswirarsa da kuskure. Ya tuna fuskar Kwaɗo. Ya tuna za a tambaye shi yadda aka yi yayarsa ta samu wurin.

Ya ce, "Ido ne kawai, Yaya. Na'ura ba ta ƙarya."

Yana addu'a a ransa Allah ya sa ruwan bana ya zo da sauƙi.

Ta zuba duk irin da take da shi. Shinkafa ta fito kore shar, har maƙwabta suna cewa mai ɗan uwa a ofis ya huta.

Da damina ta zauna, ruwa ya shigo fadama. Ruwa kuwa ba ya duba taswira, inda ya fi zurfi yake nema. Gonakin mutane ruwan ya tsaya a gwiwa. Gonar Yaya ta zama tafki, ko kan ganye ɗaya ba a gani. Tsohuwar gonar mijinta tana can a hannun wani, shinkafa tana kaɗawa a iska.

Da safe Auta ya zo da motarsa. Ya tarar da ita zaune a bakin ruwan, yaran suna bayanta. Kwaɗo ma ya zo, ya shiga kwalekwale ya zura sandar awo. Sandar ta nutse har hannunsa ya jiƙe. Bai ko dubi Auta ba.

Auta ya durƙusa ya ce, "Yaya, na'urar ce ta..."

Ta ce, "Buɗe min bayan motarka."

Ya buɗe. Takalmin yana nan a inda ya jefa shi, ƙafa biyun a ɗaure da igiyar kanti, ƙasansa fes kamar faranti.

Ta ɗauka ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranar da na ce maka ina gangarawa, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Da ruwa ne kawai ya ci ni, da na ce ƙaddara. Ashe ɗan goyona ne."

Ta tsinke igiyar da haƙori, ta zura takalmin a ƙafarta. Ya yi mata yawa. Ta ce wa yaran, "Ku taso mu je. Wanda aka ba gonar babanku yana neman masu cire ciyawa."

Haka ta wuce, takalmin yana ƙwal-ƙwal a ƙafarta. Ofis ya gyara taswira, Kwaɗo ne ya bi fadamar da ƙafa ya sake aunawa. Amma gonar da aka saki ba ta dawo ba. Har yau in Auta ya je gidan tana ba shi wurin zama, tana ba shi ruwa. Sai dai ta daina ce masa Auta. Injiniya take cewa, kamar kowa.

Darasi: In an ba ka amanar aiki, sauka ka taka da ƙafarka, kada ka tsaya daga sama. In kuma ka gano kuskurenka tun da sauran lokaci, faɗe shi, kunyar yini ɗaya ta fi asarar wanda ya yarda da kai. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da gyara a bakinsa yana jin nauyin furtawa.