Sojan da Ya Tare Matakala

Ɗana Weldon Tackett mutumin kirki ne, ba don ni na haife shi nake faɗa ba. Duk garinmu na Monahans ba wanda zai ce ya taɓa cutarsa. Aibinsa ɗaya ne. Tun da ya dawo daga yaƙin Afganistan, ya ɗauka ba sauran wani haɗari a duniya da wani zai koya masa. In ka fara yi masa bayani, sai ya yi maka murmushi irin na wanda ya riga ya ji labarin.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Abinci nake dafa wa yara a makarantar firamare, kuma da wannan aikin na raine shi bayan rasuwar babansa. Shekarun da ya yi a soja ban san barci mai daɗi ba. Mota ta tsaya a ƙofar gida, sai gabana ya faɗi. Ranar da ya ajiye kaki na je coci na yi ta kuka don godiya. Na ɗauka fargaba ta ƙare ke nan.

Ya yi 'yan watanni a gida, zama ya ishe shi, sai ya je ya yi lasisin tuƙa babbar mota. Wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi jan tankar ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai daga rijiyoyi. Aka haɗa shi da wani tsohon direba, Efrain Salcido, don ya nuna masa aikin. Efrain gajere ne mai furfura, ga barkwanci. Kullum shi ke biyowa ya ɗauki Weldon da safe, ni kuma ba na barinsa ya tafi sai ya sha kofi ya ci ƙwai da burodi.

Wata safiya suna shirin fita, na hango 'yar na'urar nan mai launin ɗorawa a kan tebur. Kowane ma'aikacin rijiya yana maƙala ta a wuyan riga, don ita ce ke ƙara idan iskar gubar da ke tashi daga tankunan ta yi yawa.

"Weldon, ka manta abinka," na ce.

"Ban manta ba, Mama. Surutu ne da ita. Ko tusa mutum ya yi sai ta hau ihu."

Efrain ya ajiye kofinsa, ya kira shi da muƙaminsa na soja kamar yadda ya saba. "Saje, ɗauki abin nan ka maƙala. Matata ma surutu gare ta, amma ba na fita na bar shawararta a kan tebur."

"Haba Tsoho, ai ina da hanci. Iskar nan warin baragurbi take yi, wa zai kasa jin sa?"

"Ranar da kake jin warin, da sauƙi. In ta yi yawa, hancin ta fara kashewa. Sai ka ji iska wasai, ka ce yau lafiya lau, daga nan sai faɗuwa."

Weldon ya yi dariya, ya maƙala na'urar don ya huta da mu. Da a nan maganar ta tsaya, da hankalina ya ɗan kwanta. Amma Efrain ya ci gaba.

"Kuma ka riƙe abin da aka gaya maka ranar horo. In ka ga mutum ya faɗi a kan tanki, ba ka zuwa wurinsa. Ka dubi tutar da ke nuna inda iska ke kaɗawa, ka matsa ta inda iskar ke fitowa, ka kira taimako, ka goya silindar numfashi, ka rufe fuskarka. Sannan ka hau."

Fuskar ɗana ta canza. "Na tsaya ɗaure igiyoyi mutum yana mutuwa? Mu a soja ba ma barin namu a ƙasa. Na taɓa ɗaukar mutum a kafaɗa harsashi yana zuba kamar ruwan sama."

"Na yarda, kuma na girmama ka. Amma harsashi yana kuskure. Wannan ba ta kuskure."

"An sa mu a ɗakin barkonon tsohuwa, Tsoho. Na iya riƙe numfashi. Wannan dokar taku matsorata ne suka rubuta ta."

Efrain bai yi fushi ba. Ya ɗauki hularsa ya ce, "Matsoratan da suka rubuta ta sun binne jarumai da yawa, Saje. Tashi mu tafi."

Tun daga ranar fargabata ta dawo sabuwa. Na yi masa magana a gida, na yi masa a hanyar coci. Yakan dafa kafaɗata ya ce, "Mama, ke fa ko tukunya ce ta yi ƙara sai kin ce gobara. Yaƙi bai ci ni ba, sai tankin ruwa?" Ni ma sai na ji kunyar yawan tsorona.

Abin ya faru wata ranar Alhamis da rana tsaka, cikin zafin Agusta. Ina kankare tukwane a makaranta aka kira ni, aka ce na taho asibiti a garin Odessa. Ban san yadda na tuƙa motar ba. A bakin ɗakin na tarar da Efrain zaune, rigarsa jiƙe sharkaf. Shi ya ba ni labarin, kuma yadda ya faɗa mini haka zan faɗa.

Sun isa wata rijiya bayan gari don ɗibar ruwa. Ranar ba iska ko kaɗan, tutar ta saki jiki a jikin sandarta. A saman tankunan akwai mai auna mai, Purvis Ledford, ɗan cocinmu ne, shi ke jan waƙa da muryarsa mai kauri. Ya ɗago musu hannu, ya sunkuya ya buɗe murfin tanki. Suna kallo ya durƙusa, sannan ya kife a kan siririn dandamalin ƙarfen.

Efrain ya yi tsawa, "Weldon, kada ka hau! Silinda!" Ya ruga bayan mota inda ake ajiye ta. Ko da ya waiwayo, ɗana ya cika ƙirjinsa da iska, ya riga ya kai tsakiyar matakalar tankin a guje. Na'urar wuyansa tana ta ihu, Efrain ma yana ta ihu.

Weldon ya kai wurin Purvis. Ya kama shi ta hammata, ya jawo shi taku kaɗan. Purvis ƙato ne, ga gudu, ga hawan matakala, ga zafi. Numfashin da ya riƙe ya ƙare, ƙirjinsa ya ja iska da kansa. Sai ya saki Purvis, ya yi baya, ya zube a bakin matakalar, jikinsa ya maƙale tsakanin ƙarafan riƙewa.

Efrain ya goya silinda ya hau. Matakalar ta mutum ɗaya ce, ɗana kuma ya tare ta gaba ɗaya. Ba hanyar tsallake shi da silinda a baya. Dole ya fara ɓanɓaro Weldon, ya ja shi mataki bayan mataki har ƙasa, ya kai shi nesa. Sannan ya sake hawa, dattijo mai ciwon gwiwa, ya sauko da Purvis. Kafin nan lokaci ya wuce. Purvis bai sake numfashi ba.

"Maman Weldon," in ji Efrain, yana kallon ƙasa, "da mutum ɗaya zan ɗauko, ina jin da na same shi da rai. Da ya tsaya ya taya ni ɗaura silindar ma..." Bai ƙarasa ba. An ceto ɗana da lokacin da ya kamata a ceci mijin wata.

Weldon ya farfaɗo bayan kwanaki, amma ba Weldon ɗin da ya fita da safen nan ba ne. Likita ya ce gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Hannunsa na dama ba ya riƙe cokali sosai. Maganarsa tana fita a hankali, kuma abin da aka gaya masa da safe, kafin yamma ya manta. Ba zai sake tuƙi ba. Na rage awannin aikina don na riƙa yi masa wanka da aski. Efrain yana zuwa duba shi wani lokaci, amma ya daina barkwanci.

Ranar Lahadi ina ganin matar Purvis a coci. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, har gaishe ni take yi. Ni ce na koma zama a layin baya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, Weldon yana tuna gudun da ya yi a matakalar, amma ba ya tuna ƙarshen. Wani lokaci ina ba shi abinci sai ya riƙe hannuna, idonsa ya yi haske kamar na da, ya ce, "Mama, na fito da shi, ko? Na fito da Purvis?" Sau biyu na gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar ransa zai fita, washegari ya sake tambaya. Yanzu cewa nake, "Ci abincinka, ɗana, zai huce."

Darasin da nake so duk mai karanta wannan ya ɗauka shi ne, kowace sana'a da nata haɗarin, kuma dokokinta da rayukan waɗanda suka riga ka aka rubuta su. Ƙwarewar da ka samo a wani wuri ba ta sa ka wuce koyo a sabon wuri. Ɗana ba matsoraci ba ne, kuma niyyarsa mai kyau ce, amma girman kai ya hana shi sauraron wanda ya san aikin, sai jarumtarsa ta jawo mutuwar mutumin da ya so ya ceta, shi kuma ta nakasa shi. In wanda ya riga ka a aiki ya ce ka dakata, ka dakata, ko da zuciyarka tana ce maka ruga. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho, kuma sau da yawa ba shi kaɗai zai ji ba, har da uwarsa da iyalin wani.