Yadda Genpachi Ya Rasa Sunansa

Akwai wani mai zane a garinmu Otsu, zamanin da ake bin hanyar birnin Kyoto zuwa birnin Edo da ƙafa, sunansa Genpachi. Rumfarsa na bakin hanya, a layin masu zane, inda matafiya ke tsayawa su gyara igiyar takalmi su sayi zanen tsaraba.

Duk wanda ya san Genpachi ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna ƙafarsa na rawa. In ya tashi sai ya leƙa hanya, ya dawo, ya sake leƙawa, alhali ba wanda ya yi masa alkawarin zuwa. Hannu kam yana da shi, wannan ba mai ja. Abu ɗaya ne ke cin ransa: a layin nan ba a sa suna a zane.

Haka aka taras. Gida guda ke haɗuwa a kan takarda guda. Miji ya buga baƙin layi da katakon bugun da ya gada, mata ta shafa ja da ruwan ɗorawa, tsohuwar gida ta ɗiga farin ido. To sunan wa za a rubuta?

Zanen da aka fi saye shi ne na wani dodo mai karyayyen ƙaho, sanye da rigar masu ibada, yana buga ƙararrawa. Iyaye mata na manna shi a bango, wai don jariri ya rage kuka.

Wata rana suna aiki, Genpachi ya ajiye buroshi ya ce wa matarsa, "Okoma, kin san a Kyoto mutum ya ja layi uku ya sa sunansa, a yi ta sunkuya masa?"

Ta ce, "Na sani, Maigida. Miƙo min kwanon ja."

"Ni kuwa dodona ya kai Edo, ya shiga gidajen da ban taɓa gani ba, amma ba wanda ya san an yi ni."

"Dodonka? Ashe jan nan daga sama yake saukowa."

Bai ma ji ta ba. Kashegari ya fara rubuta sunansa a kowane zane, manya-manya, dab da ƙahon dodon. Karatun nasa dama bai yi nisa ba, amma sunansa ya iya.

Maƙwabcinsa, tsoho Jirobei, wanda ya girmi kowa a layin, ya leƙo ya gani.

"Yaro, mene ne wannan kusa da ƙaho?"

"Sunana ne, Baba."

"Ba a yin haka a nan."

Genpachi ya yi dariya. "Shi ya sa za ku mutu ba wanda ya san kun zo duniya. Ku da ƙudan da ya faɗa kwanon tawada duk ɗaya, Baba. Kun ɓata takarda kun wuce."

A gaban mutane ya faɗi wannan. Jirobei ya juya ya koma rumfarsa. Ni kam da ni ne tsohon nan, da ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba.

Sunan ya fara tafiya, kan Genpachi kuma ya fara kumbura. Yanzu rabin wuninsa a gidan shayi yake yi, yana jiran wani ya ambace shi.

To akwai wani jami'i mai kula da shingen hanya, mutum mai ƙwala-ƙwalan idanu da ƙaton hanci, wanda masu dako ke jin haushinsa don yadda yake zazzage musu kaya. Ran nan wani mai dako ya ɗaga zanen dodon a gidan shayi ya ce, "Ku duba min nan. Wannan ai mai shinge ne sak."

Aka fashe da dariya. Genpachi ya ga duk idanu sun bar shi sun koma kan takarda, sai ya ɗaga murya.

"Ai shi na kalla na zana. Ku karanta, ga sunana nan."

Ƙarya yake yi. Fuskar dodon nan ta girmi kakan mai shinge. Amma dariyar ta yi masa daɗi, har ya maimaita maganar don wanda ya shigo a makare.

Ba a daɗe ba mai gidan shayi ta ja Okoma gefe. Ta ce maganar ta kai shinge. Jami'in ya sa an sayo masa zanen, ya karanta sunan, ya ce da ya dawo daga rakiyar wani babban mutum zai zo layin da kansa. Kowa ya san abin da ake yi wa wanda ya yi wa ma'aikacin hukuma ba'a da zane. A sa masa ankwa a hannu, a ƙone katakon bugunsa, a kore shi daga garin.

Daga ranar Genpachi bai sake samun sukuni ba.

Ya ɗauki wuƙa zai kankare sunan, tawada ta riga ta shige takarda, sai yagewa take yi. Ya bi matafiya da gudu yana roƙon su dawo masa da zane, suka ɗauka ya taɓu. Waɗanda suka riga suka wuce Edo kuwa, wa zai kamo su? Ya ɗaure kayansa zai gudu, ya tuna hanyar ta shingen take bi, ya kwance. Ya sake ɗaurewa. Okoma ta ajiye masa shinkafa ta huce a kwano. Ko doki ya ji ya yi haniniya a hanya sai ya miƙe zumbur.

Ya naɗe katakon bugu a tsumma ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma, ya ciro, ya kai bayan murhu, ya sake cirowa. Katakon mahaifinsa ne, kuma shi ke ciyar da gidan. Tsoro ya kama shi sosai, ga kunya a kai.

Da Okoma ta gaji da kallonsa, sai ta ɗauki zane ɗaya ta nufi rumfar Jirobei. Genpachi ya bi ta a baya, ya tsaya a bakin rumfa, ya kasa shiga ya kasa komawa.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka ji abin da ake ciki. Ban zo in wanke shi ba. Bakinsa ne ya ja mana."

Tsohon ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Kai na bakin ƙofa, ina ɗan harafin?"

"Wane harafi, Baba?"

"Mutanen Kyoton nan da kake yabo, in sun sa suna sai su ƙara ɗan harafi a ƙarƙashi mai nufin shi ya zana. Kai ba ka sa ba."

Genpachi ya sunkuyar da kai. "Ban san ana sawa ba."

"To. Suna haka kawai, kusa da kan mutum, ai sunan mutumin ne." Jirobei ya ɗora yatsa a kan ƙahon dodon. "Akwai mafita, yaro, amma sai ka ji sharaɗin. In muka yi, hannunka zai tsira, katakonka zai tsira. Sunan nan kuwa ba zai ƙara zama naka ba. Ka yarda?"

Genpachi ya gane abin da ake nufi. Ya yi taku zuwa hanya ya dawo. Abin da ya fi so a duniya ake ce masa ya bayar, kuma ya ji zafin har cikin ransa. Ya dubi Okoma tana durƙushe, yatsunta duk jan fenti.

Ya ce, "Na yarda, Baba."

Jirobei ya ɗauki sandarsa ya bi layin rumfa-rumfa. Ba kowa ya amsa da daɗi ba. Wata ta ce, "Wanda ya kira mu ƙudaje? A bar shi ya sha."

Tsohon ya ce, "Ni ya fara kira, 'yata. Amma in aka kore shi, matarsa ina za ta? Kawo buroshi."

Da hantsi jami'in ya iso, mutanensa na biye, zanen a hannunsa. Ya tsaya a rumfar farko. Dodo na rataye, ga suna dab da ƙaho. Ya matsa ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Har ƙarshen layi, kowane dodo da sunan nan, kowane da irin rubutun gidansu.

Ya daka tsawa. "Wane ne Genpachi a cikinku?"

Matar nan da ta ce a bar shi ya sha, ita ta nuna zanen da ke rataye. "Ga shi nan, ranka ya daɗe. Guda nawa za a naɗe maka?"

"An ce min wani ya yi alfahari a gidan shayi cewa shi ya zana."

Jirobei ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a gidan shayi kowa ma shi ya zana. Ga katakon gidana, duba yadda ya siɗe. Fuskar nan ita na buɗe ido na gani."

Matafiya sun taru, masu dako na danne dariya. Jami'in ya duba dodon, ya duba jama'a. In ya nace, to shi da bakinsa ya ce dodon ya yi kama da shi. Ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan wani mutum a bakin rumfa yana ta sauya ƙafa, gumi na zubo masa.

"Kai kuma fa? Wa sunanka?"

Genpachi ya rusuna.

"Ni mai zane ne kawai, ranka ya daɗe. Mijin Okoma ake ce min."

Jami'in ya yar da takardar ya wuce.

Ƙura na lafawa Genpachi ya shiga rumfar Jirobei ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe a haka yana kuka. Tsohon ya ce, "Tashi, yaro, kana tare min masu saye."

Sunan kuwa ya tafi, fiye da yadda ya taɓa mafarki. Ya kai Edo ya wuce. Iyaye mata suka riƙa ce wa yara, "Yi shiru ko Genpachi ya zo." Matafiyi ya tsaya a rumfarsa ya ce, "A ba ni Genpachi biyu, masu jan sosai." Shi kuma ya naɗe ya miƙa da hannu biyu. Wani lokaci mai saye kan tambaya wa ya zana, sai ya ce, "Mutanen gidan nan ne."

Ya tsufa a layin, da hannunsa da katakonsa. Har ya mutu Mijin Okoma ake kiransa.

Darasi: Kada son a san ka ya sa ka raina mutanen da kuke aiki tare, ko ka ɗauki abin jama'a ka ce naka ne kai kaɗai. Ranar da sunan da kake alfahari da shi ya zame maka bala'i, waɗanda ka raina ne za su tsaya maka. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani, musamman wanda ka san ya fara manta hannayen da suka ɗaga shi.