Kafintan da ya ƙi buga ƙusa a saman ɗakin Inna

Akwai wani mai sayar da taya da Allah ya buɗa masa, ya ɗora bene a saman ɗakin mahaifiyarsa. Da aka zo shimfiɗa daɓen katako, sai ya kira wani dattijon kafinta, ya nuna masa hoto a waya da guntun samfuri: katako siriri mai ƙyalli kamar madubi.

Kafinta ya ƙwanƙwasa samfurin da yatsa, ya taɓe baki.

"Wa ke zaune a ƙasa?"

"Inna ce."

"To ba da ni ba. Ka buga wannan falle kai tsaye a kan gungume, ka mayar da ɗakin tsohuwa ganga. A sa katako mai kauri, a shimfiɗa roba a ƙarƙashi, a cusa soso a ramukan da ke tsakanin gungumen, a bar ɗan tsakani da bango."

"Baba, aiki na kira ka, ba wa'azi ba. Wa zai ga robar?"

"Kai da kake sayar da taya ne ba ka san aikin roba ba? Hau mota a kan ƙarfe zalla mana, mu ga haƙoranka!"

Mutumin ya fusata, ya ce gari cike yake da kafintoci. Dattijo ya tattara zartonsa. "Su buga. Hannuna dai ba zai kai ƙusa saman kan uwar wani ba."

Wani ya zo ya gama aikin cikin kwana biyu. Baƙi suna ta yaba ƙyalli, maigida yana ta hura hanci.

Jama'a, kun san halin uwa. Ko uffan Inna ba ta ce ba.

Wata rana da azahar ya shiga gaishe ta, ba ta ɗaki. Can ya same ta a ɗakin ajiya, ta shimfiɗa darduma tsakanin buhuna, da auduga a kunne.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Nan ya fi sanyi, ɗan nan. Bar jikokina su yi wasansu."

Ya koma ɗakinta ya zauna a bakin gado. Yara suka ruga a sama, ya ji kamar ana sussuka a ƙwaƙwalwarsa. Aka ja kujera, ya dafe kai. Minti goma bai iya ba. Ita wata huɗu ta yi.

Ya tafi shagon dattijon kafintan nan, murya ƙasa ƙasa.

"Baba, na zo."

"Na ga ka zo. Kafintocin garin sun ƙare ne? Zan yi, amma ƙyallin nan da hannunka za ka ɓamɓare shi, falle falle."

Haka ya yi, har tafinsa ya yi kanta.

Ranar da aka gama, yara suna ta tsalle a sama, Inna ta leƙo daga ɗakinta.

"Wai ina jikokina? Unguwa aka kai su ba a faɗa mini ba?"

Darasi: Daɓenka rufin wani ne. Kafin ka zaɓi abin da ido zai yaba, sauka ka zauna inda na ƙasa yake zaune, don shirun mai haƙuri ba ya nufin lafiya lau. Ku tura wa duk mai shirin ɗora bene, in ya ji haushi ya zo ya same ni.