Takalmin Hawan Dutsen Zanko

Masu kiyaye labarin magabata sun ce a gindin Dutsen Zanko akwai wani gari mai al'ada guda: duk wanda aka naɗa sarki sai ya hau dutsen da ƙafarsa, ya hura wuta a ƙololuwa, ƙauyuka su ga hayaƙi su san an yi sabon shugaba. Wanda ya kasa, rawani ya koma wani gida. Hanya kuwa ɗaya ce, wata doguwar tsaga da mutum zai riƙa cusa hannu da ƙafa a cikinta tun hantsi har la'asar.

Da aka naɗa Sarki Nomau, fadawa suka kawo masa jan takalmi mai tsinin baki, matsattse har yatsu na lanƙwashewa. Suka ce wai da irinsa ne ƙafa ke kama dutse kamar farcen shaho. Sarki ya kira tsohon badukun gari, Jatau, ya ce, "Baba, me ka gani?"

Jatau ya juya takalmin a hannunsa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ɗinki ya yi kyau. Amma ina tsoron ya yi maka abin da irinsa ya yi wa Shekarau mai zuma."

Sarki ya ce, "Me ya sami Shekarau?"

Jatau ya ce:

Shekarau mutum ne mai son uwarsa. Tari ya kama ta, aka ce maganinta zuman dutse, mai yin saƙa can kusa da ƙololuwa. Ya ari irin wannan takalmi ya kama tsaga. Da fari ya yi ta tafiya kamar ƙadangare. Kafin rana ta take, ƙafa ta kumbura, ga shi duk murɗawar da zai yi mata cikin tsaga sai dutse ya danne yatsun da suka lanƙwashe. Ya iso wani ɗan dandamali ya zauna yana hawaye. Sai wani rema ya leƙo daga rami ya ce, "Sannu, ɗan Adam. Da ka ji labarin Cindo, da ba ka zo haka ba."

Shekarau ya ce, "Wane ne Cindo?"

Rema ya ce:

"A zamanin kakana, wani maharbi ya bi gada har saman dutsen nan, ya zame ya karye, ya maƙale a inda babu inuwa babu ruwa. Ana jin kukansa daga gari. Jarumai huɗu suka ɗaura matsattsun takalmansu, kowa ya rataya igiyar hawa a kafaɗa. Cindo ya ce zai bi su, aka yi dariya, don yatsa shida gare shi a kowace ƙafa, babu takalmin jarumai da ke shigarsa. Nasa shimfiɗaɗɗe ne, an yanka shi daidai ƙafarsa, yatsu kwance sak, tafin da ɗan tauri, fatar ta rufe idon sawu. Yara na kiransa faifai.

"Jarumai suka tsere masa tun a gaɓar farko. Ya iske na ɗaya yana kwance igiyar takalmi, ya iske na biyu yana share jini. Bai yi wa kowa gori ba, sai ya ce, 'Miƙo min igiyar hawanka, ɗan'uwa, ka huta.' Haka ya tattara igiyoyi huɗu, ya ci gaba, yana cusa ƙafa yana murɗawa, yana tsayawa a kanta kamar mai tsayuwa a tsakar gida. Da la'asar sakaliya ya isa. Ya ba maharbi ruwa, ya ɗaure shi, ya riƙa zuro shi gaɓa gaɓa, jarumai na karɓa. Da suka sauka aka fara yi masa kirari, ya ce a je a yi wa badukunsa.

"Ka gani, ɗan Adam, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Shekarau ya dubi sama, ya dubi ƙafarsa. Ya san in ya sauka gari zai yi masa dariya, in ya matsa kuwa uwarsa za ta rasa zuma ta rasa ɗa. Ya sauka, aka yi dariyar, ya haɗiye. Ya jira ƙafa ta warke, ya sa aka yanka masa takalmi daidai ita, ya yi kwana uku yana yawo da shi har fatar ta saba. Ran na huɗu ya hau, ya wuce ramin rema ya yi masa sallama, ya dawo da ƙwarya cike. Uwarsa ta sha, ta ƙara shekara tara.

Jatau ya ajiye jan takalmin a gaban Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan na gajeren hawa ne, a kan dutse mai rufowa, inda za ka tuɓe kafin ka gama tauna goro. Naka hawan yini ne. Sannu ba ta hana zuwa."

Sarkin Fada ya ce, "To a ce Sarki ya hau da faifai?"

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Mutanen ƙauye hayaƙi za su gani, ba za su hango ƙafata ba. Baba, kawo fatarka ka auna."

Jatau ya ce, "Ba yanzu ba, ranka ya daɗe. Ƙafar safe maƙaryaciya ce. Zagaya gari a ƙasa, in ta kumbura da yamma, sai ta faɗa mini gaskiya."

Sarki ya miƙe, ya hana a kawo doki, ya fita ƙofar fada da ƙafarsa, fadawa na haki a bayansa.