Jiƙon Anza na Kwana Bakwai

Ku bar surutun nan ku matso, ina da shari'ar da zan ba ku.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba, yunwa ta kwantar da wata tsohuwa, Iya Yalwa, a wani ƙauye can arewa. Ko kai ba ta iya ɗagawa. 'Ya'yanta uku suka taru a kanta: Nomau, da Arzika, da autarsu Tabawa da ke aure a wani gari. Kowa da gidansa, amma babu mai ko zangarniya ɗaya a rumbu.

Nomau makiyayi ne, ya san daji. Ya tuna wani kwari, tafiyar yini biyu, inda ya taɓa ganin anza, ƙaramin itacen nan da fari ba ya kashewa. Ta kusa da gari an riga an tsige ta ƙaf. Ya tafi da yunwarsa, ya dawo rana ta huɗu da buhun 'ya'yanta da damin ganye, ƙafafu a kumbure.

Ku yaran yanzu ba ku san anza ba. Ƙwayarta ɗaci gare ta mai kayar da ƙato, sai an jiƙa ta kwana bakwai, kullum a zubar da ruwan a zuba sabo. Rijiyar garin kuwa ta ƙafe. Arzika, wanda ake yi wa tsiya don ba ya iya haɗa magana biyu, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasa. Tun safe har azahar yake kwasar laka kafin tulu ɗaya ya taru. Sau biyu gefen rijiyar yana rufto masa, washegari ya koma.

Tabawa ce ta koyi aikin anza wurin kakarsu. Ta dafa ganyen tana ɗura wa Iya, tana matsa mata zaƙin nunannun 'ya'yan a baki, don dai rai ya tsaya. Kwana huɗu da jiƙo numfashin tsohuwa ya yi ƙasa, hankalin maza ya tashi, suka ce a dafa haka nan. Tabawa ta haye kan tukunyar ta zauna.

Ta ce, "Yaya, ku doke ni in kun ga dama. Bai yi ba."

A harshenta take gwadawa kowace safiya, ta yi ta amai, ga ta da goyo. Rana ta bakwai ɗacin ya fita, ta dafa.

Iya ta ci, ta samu ƙarfi, ta tashi. Ta ce ta gama zaman kaɗaici, za ta ƙare kwanakinta a gidan wanda ya cece ta. Su ukun kowa ya je ya share ɗaki ya shimfiɗa tabarma. Tsohuwa ta ɗaure kayanta, ta zauna a bakin ƙofa da sanda a hannu.

To, gidan wa za ta nufa?